Sunan da Aka Goge Ranar Talata

Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, Yaya ta yanke jiki ta faɗi tsakanin injin wanki da teburin guga. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Likita ya ce hawan jini ne. Ni na ce aiki ne, kuma ba zan janye ba.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Shugabarmu ce a ɗakin wankin otal, shekara goma sha tara, kowa Yaya yake ce mata.

Yaya, ke kike rubuta jadawalin aiki, kullum da fensir. Wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, wadda ciki ya tsufa, sai ki goge sunanta ki sa naki, kina tsokana: "Tafi, kafin in canza shawara." Da aka sallami mutum uku aka bar mu da wankin ɗaki tamanin, ke kika cike gurbinsu.

Mun ga komai da idonmu. Kika ɗaure kai da ɗankwali tamau saboda ciwon kai. Ke da kika haddace lambar kowane ɗaki, sai ga ki tsaye da zanen gado kin manta inda za ki. Kika daka mini tsawa a banza, kika dawo kina ba ni haƙuri da hawaye. Sau biyu kina neman hutu, manaja ya ce, "Kowa ma a gajiye yake." Amma ranar da kika ƙona kwalar rigar baƙo, karo na farko a rayuwarki, kafin azahar takardar gargaɗi ta sauko. Ashe suna da saurin rubutu!

Yanzu sun ɗauki mutum biyu a madadinki. Biyu! Ashe da hali? Manaja ya zo gaisuwa yana cewa an yi rashin jaruma. Wallahi tashi na yi, don kada bakina ya ɓata zaman.

Fushina bai tsaya a kansa ba. Talatar nan aikina ce, ke hutu gare ki, har kin ce za ki je a auna jininki. Na ce miki yarinyata ba lafiya. Ƙarya na yi, Yaya. Kitso na tafi.

Allah Ya jiƙanki, Ya ba ki hutun da muka hana ki, Ya sa Aljanna ce makoma. Maigidanki da 'ya'yanki huɗu, Allah Ya ba ku haƙuri, ku yafe mini in za ku iya.

Jadawalin yana nan a bango, na hana a cire. A gurbin ranar Talata, ƙarƙashin sunanki, har yanzu ana iya karanta nawa.