Akwatin da Oga Ya Riƙe

Shekarun da kuɗin mai suka fara ambaliya a gida, ma'aikatarmu ta turo mu biyu Landan koyon aikin injin sassaƙa ƙarfe, wanda Turawa ke ce wa lathe. Ni makaniki ne, ɗayan kuwa ogana ne a ofis. Shi ne zai rubuta rahoto a kaina, rahoton da zai sa in ƙarasa kwas ko a mayar da ni gida.

A wani ɗan wakshof muke a Deptford, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wajen wani tsohon Bature mai tari. Wata huɗu muka yi, ban taɓa ganin baƙin mai a farcen oga ba. Kullum yana cikin kwat da laktaye, yana tsaye nesa da injin kamar mai tsoron a watsa masa ruwan kwata. Abin da ya iya kawai gyaɗa kai da cewa "very good".

Injin yana da matsala guda. Abin da ake murɗawa a ƙara gudu ko a rage yana can hagu, sai ka miƙa hannu ta saman ƙarfen da ke juyawa. Ni da tsohon muka ɗauki mako guda muka haɗa ɗan akwati, girmansa bai wuce sandar sabulu ba, muka ja masa doguwar waya. Yana da abin murɗawa, da koren maɓalli na tayarwa, da ja na tsayarwa. Tsohon ya kafa doka ɗaya: wanda hannunsa ke kan aiki, shi ke riƙe akwatin.

Oga na ganinsa idonsa ya buɗe. Ga abu mai tsabta, ga iko, ba sai ka matsa kusa ba. Ai wannan don irinsa aka yi!

Wata safiya tsohon ya tsallaka titi sayen shayi. Oga ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Ni zan yi control, kai ka yi aikin."

"Ranka ya daɗe, an ce mai aiki ne ke riƙewa."

"Dokar Bature ce za ta sa ƙarami ya riƙe, babba na tsaye? Kawo."

Na ba shi. Na tuna rahoto, na tuna a gidanmu ba a musu da na gaba, na miƙa da hannu biyu har da rusunawa. Wannan rusunawar ita ce har yau ta fi ba ni haushi.

Na ce ya tsayar da injin, ya tsayar. Na sunkuya ina gwada kaurin ƙarfen, na sa yatsu ina share ɓarɓashi. Shi kuma ya gaji da jira, yana ta wasa da akwatin. Ya danna kore. Daga baya ya ce yana so ne ya ga ko yana aiki daga nesa.

Yana aiki. Yatsu biyu na hannun damana suka tafi, manuniya da na tsakiya. Kuma wallahi da na yi ihu, jefar da akwatin ya yi ya ja baya yana kakkaɓe kwat. Sai da na lalubo shi a ƙasa na danna ja da kaina.

Kwana na uku ya zo asibiti da lemo biyu a leda. Ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri, kuma ba zai rubuta a rahoto cewa na yi sakaci ba. Sannan ya matso, ya rage murya.

"In ka samu sauƙi ka zana mini yadda aka haɗa wayoyin nan. Zan kai wa ma'aikata, su ga mun yi design ɗin wani abu."

Na dubi wannan mutum, na rasa ko da tofin da zan ɓata a kansa. Saura wata biyar in gama kwas.

"To, ranka ya daɗe," na ce.

Na zana masa, da hannun hagu.