Notin da Ya Fita daga Injin Malam

Ina cikin takabar Malam injin markaɗenmu ya fara rawa a kan katakonsa, bel ɗin yana ta zamewa. Matan unguwa suka fara kai wakensu wani gida. Ni kuwa da injin nan nake ci, ga shi ba halin in fita neman mai gyara.

Rannan abokin Malam, wani tsohon bakanike, ya zo Gwaram daga Birnin Kudu yi mana ta'aziyya. Tun daga zaure ya ji ƙarar. Ya nemi izini ya shigo, ya leƙa ƙarƙashin injin.

"Hajiya, noti ɗaya ya fita daga ƙafarsa, sauran ukun ma sun saki. Wa yake ɗaure su yanzu?"

Na ce ban san ana ɗaure su ba.

"Ai kullum marigayi sai ya bi su da sifana."

Shekara da shekaru ina ganin Malam tsugune a wurin da sassafe, na ɗauka addu'a yake tofa wa injin. Kuka ya ƙwace mini, har yau in na faɗa sai na yi.

Bai ce in yi shiru ba. Ya fita ya kwanto noti daga kariyar ɗaukar kaya ta babur ɗinsa, notin ya yi daidai. Ya miƙo mini sifana, ya sa na ɗaure da hannuna. Allah ya saka masa da alheri. Da la'asar na markaɗa wake kwano uku, injin ko motsi bai yi a kan katakonsa ba.