Lafiya Lau Gaisuwa Ce: Tarihin Sajan-Manjo Waliyyu Ɗantsoho

Haihuwa da Asali

An haifi Sajan-Manjo Waliyyu Ɗantsoho, wanda sojoji suka fi sani da laƙabin Saje Tuɓe, a shekarar 1962 a Kashin Zama ta ƙasar Aliero, ana tsakiyar cirar albasa. Mahaifinsa, Malam Shehu Ɗantsoho, manomin gero ne da damina, manomin albasa da rani, mahaifiyarsa kuwa, Zinatu, 'yar Dangamaji ce ta ƙasar Jega. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne a zuriyar ya taɓa sa kaki.

Tun yana ƙarami mahaifinsa ya ɗora masa aikin da duk yaran gidan ke gudu, wato duba albasar da aka jibge a rudu, rumfar karan nan da ake ajiyarta har ta yi tsada. Ƙa'idar Malam Shehu ita ce a ɗauki kowace ɗaya, a juya ta, a latsa gindinta, domin a faɗarsa albasa munafuka ce: ɓawonta yana sheƙi, cikinta ya daɗe da zama ruwa. Waliyyu ya yi wannan aiki shekara goma yana ƙunƙuni, bai san karatun da zai ci abinci da shi ake yi masa ba.

Karatu da Shiga Soja

Ya fara karatun allo a ƙofar gidansu, aka sa shi firamare a Aliero a 1969, ya kammala a 1976. Daga nan ya yi shekara biyar yana bin motocin albasa tsakanin Aliero da kasuwar Jega, har zuwa 1981, lokacin da ya gabatar da kansa wurin ɗaukar kuratan soja, aka auna tsawonsa da ƙirjinsa, aka tura shi Zariya.

A can ne malamansa suka lura da wata baiwa tasa. Kurtu yakan sha wuya kafin ya iya karanta taswira da kamfas, amma shi wanda ya tashi yana auna fangalin albasa da ƙafa, ƙirga taki bai zame masa baƙo ba. Ya san adadin takunsa a mita ɗari, a tudu da gangare, kuma duk mita ɗari sai ya mayar da tsakuwa ɗaya daga aljihun dama zuwa na hagu, ta yadda ko a dajin da bai taɓa gani ba zai faɗi nisan da aka yi, a auna a tarar bai kauce ba. Ya sami igiya ɗaya a 1985, ya zama cikakken kofur a 1989.

Aure

A bariki ya haɗu da Ayuba, mutumin Sarandosa ta ƙasar Maiyama, wanda ya girme shi da shekara uku amma yana ƙasa da shi a muƙami. Harshe ɗaya da tuwo ɗaya suka haɗa su, har Ayuba ya yi masa hanyar auren ƙanwarsa Salima, aka ɗaura a Sarandosa a 1986. Daga ranar abota ta koma surukuta. Waliyyu ya daina kiran sunansa, sai Yaya, ya daina cin abinci a gabansa, kuma ko a fareti in umarni ya biyo ta kan Ayuba, sai an ji muryar kofur ta ɗan yi ƙasa. Abokai suna yi musu dariya, ba wanda ya hango inda wannan kunya za ta kai su.

Laberiya, 1992

A shekarar 1992 aka tura bataliyarsu aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, aka ba Kofur Waliyyu mutum tara, cikinsu har da Ayuba. A damina aka umarce su da tafiyar ƙasa ta kwana biyar cikin kurmi da fadama, inda takalmi ba ya bushewa. Dokar aiki ta tanadi cewa duk safiya shugaban sashe zai sa mutanensa su tuɓe takalma ya duba ƙafafunsu da idonsa, kuma ya yi hakan ga mutum takwas ba fashi. Na taran ne ya gagare shi. A ƙasarsu ƙarami ne ke tuɓe takalmi gaban babba, to da wane baki zai ce wa wan matarsa ya tuɓe a gabansa? Sai ya riƙa tsayawa daga gefe yana cewa, “Yaya, ina gajiya? Ya ƙahwa?” Ayuba kuma, da yake namiji ba ya raki gaban mijin ƙanwarsa, sai ya amsa, “Lahiya lau, kofur.”

Alhali tun ranar farko wani ƙarfe ya huda takalminsa ya yanke shi a tafin ƙafa. A rana ta huɗu ya kasa tashi, jikinsa ya yi zafi rau, sai da aka sa wuƙa aka farke takalmin, kuma abin da aka gani ciki Waliyyu ya san shi tun daga rudun mahaifinsa. Suka yi makara da sanduna da riguna, suka ɗauke shi yini da rabi, kofur bai yarda an karɓe shi a kafaɗa ko sau ɗaya ba. Ayuba ya cika saura tafiyar awa uku su kai ga likita, aka binne shi a can.

Ba wanda ya tuhume shi, domin a takarda rauni ne da zazzaɓi. Shi ne ya tuhumi kansa. Da suka dawo a 1993 ya tafi Sarandosa, ya durƙusa gaban surukarsa, Gwaggo Zaituna, ya faɗa mata komai bai rage ba. An ruwaito cewa ta ce masa, “Kwana ya ƙare, Waliyyu, wanga ba ni da ja. Amma ɗiyan mutane na nan ga hannunka. Ka bar tambaya, ka riƙa dubawa.” Ta ɗauko Abdulmumin, ɗan shekara biyu da Ayuba ya bari, ta ɗora masa a cinya. Ya bar gidan da yaron, da kuma alkawarin cewa ba zai sake rasa mutum saboda kunyar dubawa ba.

Shekarun Koyarwa

Ya zama saje a 1995, aka mayar da shi Zariya horar da kurata, inda ya shafe shekara goma sha huɗu. Darasinsa ba shi da ado. Safa biyu, ɗaya a ƙafa, ɗaya a cikin riga tana bushewa da ɗumin jiki. Ruwa kurɓi-kurɓi, ba a jira ƙishirwa. A bar tazara tsakanin soja da soja, don kada harsashi ɗaya ya ci biyu. Ga masu neman igiya kuwa yakan ƙara cewa shugaba shi ne na ƙarshe a layin abinci, na farko a tashi, kuma wanda bai san sunan garin kowane yaronsa ba, bai fara shugabanci ba tukuna.

Sai dai abin da ya fitar da sunansa shi ne haramta “lafiya lau” a matsayin amsa. Duk kurtun da ya kuskura ya faɗe ta, sai ya ji tsawa: “Lahiya lau gaisuwa ta, ba rahoto na ba! Tuɓe!” Daga nan laƙabin ya samo asali, kuma har Yarabawa da Tibi da ba su jin Hausa sun haddace jimlar da karin Sakkwatancinta. Yakan tsuguna, ƙato guda mai igiya uku, ya riƙe ƙafar yaro ɗan shekara goma sha takwas, ya buɗa 'yan yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya latsa dunduniya, wani lokaci har ya sunsuna. Kurata suna dariya a ɓoye suna cewa saje yana zaɓen albasa, ba su san gaskiya suka faɗa ba.

Arewa Maso Gabas, 2014

An ƙara masa girma zuwa sajan-manjo a 2009, kuma a 2014, yana da shekara hamsin da biyu, aka tura shi arewa maso gabas. A watan Afrilu aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna, motoci suka ƙone, na'urar nuna hanya ta mutu, aka bar mutum arba'in da uku a daji, cikinsu har da wani matashin hafsa, Laftanar Usama, da tazarar kilomita sittin da wani abu tsakaninsu da sansani mafi kusa.

Abin da ya faru cikin kwana ukun nan har yau ana ba da labarinsa a barikoki, kuma mai rubutun nan ya ji shi daga bakin mutum huɗu da suka taka tafiyar, ba su saɓa ba. Sajan-manjo ya cika aljihu da tsakuwa, ya ɗauki saiti da kamfas da inuwar sanda, ya raba ruwa da murfin gora, ya hana tafiya in rana ta take. A kowane zango mutum arba'in da biyu suna tuɓewa. Laftanar ne kawai ya ƙi, ya ce shi lafiya lau, alhali ana ganin yana ɗingishi. Nan tsohuwar jarrabawar ta dawo wa sajan-manjo da sabuwar riga, domin soja ba ya umartar hafsansa. Sai ya zauna a ƙasa gaban yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba, ya tuɓe nasa takalman, ya miƙa masa ƙafafunsa ya ce, “Ranka shi daɗe, duba min nawa, aikinka na. In ka ƙare in duba naka. Na taɓa barin mutum da lahiya lau tai, ni na gina kabarinai.”

Laftanar ya duba, sannan ya tuɓe. Aka tarar ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa a dunduniya, wurin ya fara ruwa. Aka cire, aka wanke, aka ɗaure. A rana ta uku da hantsi suka hango sansani daidai inda tsakuwa ta ce, aka ƙirga su a ƙofa, arba'in da uku cif. An ce a ranar ne aka fara ganin hawayen sajan-manjo, kuma bai ɓoye su ba.

Ritaya da Jinya

Ya yi ritaya a 2016 bayan shekara talatin da biyar, ya koma Kashin Zama ya gyara rudun mahaifinsa. A 2019 aka gano yana da ciwon suga. To, an ce wanzami ba ya son jarfa. Wata ƙaya ta soke shi a gona a farkon 2021, miki ya ƙi warkewa, sai mutumin da ya duba dubban ƙafafu ya sa safa ya rufe tasa, duk wanda ya tambaya, har Hajiya Salima, ya ce lafiya lau.

Abdulmumin, wanda ya shiga soja a 2010 har ya kai saje, ya zo hutu a watan Afrilu, ya tarar da tsohon da safa cikin zafin bazara. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya sami amsar da kowa ke samu. Bai tashi ba. Ya ce, “Baba, gaisuwa mun yi ta. Saura rahoto.” An ce tsohon ya yi dariya har da tari, ya miƙa ƙafar. A ranar aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa, likitoci suka ce da an ƙara mako ɗaya da ba maganar ƙafa za a yi ba, sai ta rai. Ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma ya sha faɗa wa masu zuwa duba shi cewa ɗan Ayuba ya yi masa abin da shi ya kasa yi wa Ayuba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar Juma'a, 10 ga Maris 2023, daidai da 18 ga Sha'aban 1444, yana da shekara sittin da ɗaya. Kafin la'asar motoci sun cika Kashin Zama daga Jega, Maiyama, Birnin Kebbi da Sakkwato, cikinsu har da ta Manjo Usama. Da liman ya tsaya aka ja sahu, sojoji sama da saba'in, Musulminsu a cikin sahu, Kiristocinsu a gefe, suka sunkuya gaba ɗaya suka tuɓe takalma, suka cire har safa, suka tsaya a kan ƙasa mai zafi ba wanda ya ba su umarni. Dattawan gari sun ce ba su taɓa ganin irin wannan ba. An binne shi kusa da mahaifinsa.

Ya bar matarsa, Hajiya Salima, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya shida. Biyar ya haifa: Hashim, Fa'iza, Abdulrazak, Bushra da Zaituna. Na shidan shi ne Saje Abdulmumin Ayuba, wanda marigayin ya bar wasiyya cewa duk inda za a lissafa 'ya'yansa a sa shi, kuma kada a cire masa sunan ubansa. Allah ya jiƙansu duka biyun, ya sa sun huta.