Gardamar da muka yi da Baba a gonar gero

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ita ce shekarar da na gama makarantar horar da masu wa'azi, na koma ƙauyenmu da ke ƙasar Baure. Gida bakwai ne mu Kirista a garin, duk jikokin Maguzawa, sauran kuwa Musulmi ne da muke noma kan iyaka ɗaya da su. A makaranta an tsorata mu ƙwarai da abin da za mu tarar a gida. Da na sauka a mota, abin da na tarar shi ne gero ya nuna, kuma Baba ya riga ya kira gayya.

Baba mai bishara ne, bai yi karatu mai zurfi ba, amma shekara talatin yana yawon ƙauyuka a kan keke. Ni kuma na dawo da sabon ilmi yana ƙaiƙayi a bakina. An koya mana cewa mutumin da bai sami sabuwar haihuwa ba matacce ne cikin zunubi, ba ya iya neman Allah ko da taki ɗaya, sai in Allah ya fara rayar da zuciyarsa. Ranar gayyar muna ɗaure dammuna na faɗa wa Baba haka.

Ya ajiye igiya ya dube ni. "To ni da nake cewa mutane su nemi Ubangiji, da wa nake magana? Da gawa?"

"Da gawa mana, Baba. Alheri ne ke tashe ta."

"In gawa ce, me ya sa wani ke tako tafiyar yini guda ya zo ya tambaye ni hanya?"

Na kawo aya, ya kawo aya. Tasa ta ce an halicci mutane don su lalubi Mahaliccinsu, tawa ta ce babu mai yin hakan da kansa. Aiki ya tsaya a ɓangarenmu, har maƙwabcinmu, wani malamin allo mai kiwon tumaki da ya zo taya mu, ya matso ya tambayi abin da ya haɗa ɗa da uba. Da aka yi masa bayani sai ya yi dariya har da riƙe gemu.

"Ashe ku ma kuna da wannan rigimar. Mu ma malamanmu sun daɗe a kanta, shiriya ta Allah ce, amma bawa da nasa ƙoƙarin. Mai bishara, ka bar yaron nan ya ɗaure gero, ba yau za ku gama ba."

Da rana ta take, mata suka kawo fura, Kaka na biye da su tana dogara sanda. Ita ce mahaifiyar Baba, kuma sai da ta tsufa aka yi mata baftisma. Ta zauna a gindin gawo ta ce a gaya mata abin da ake ta ɗaga murya a kai. Na tsara mata maganar dalla-dalla, yadda na ji a aji.

Ta ce, "Angona, zauna. Wata shekara ruwa ya ɗauke, uban nan naka yana goye. An yi yanka a tsafin gidanmu har sau uku, shiru. Rannan da hantsi na fita gona ni kaɗai, na ɗaga kai na ce, kai da ka yi sama, in kana ji, ga ni. Lokacin ko sunan coci ban taɓa ji ba."

"Kaka, ai shi ne ya fara kiranki, shi ya sa kika fita."

"Wataƙila. Ni dai ban ji kira ba, ƙafata na ga tana tafiya."

Baba ya buga cinya don murna. Sai ta juya kansa.

"Kai ma kada ka yi saurin dariya. Mu goma sha muke a gidan nan, yunwa ɗaya muke ji. Har yau ban san abin da ya fitar da ni ya bar sauran ba."

Malam ya miƙo mini ludayi ya ce in sha fura, tsohuwa ta raba mana gardama daidai wa daida.

Ranar Lahadi Baba ya ba ni wa'azi, na farko a gaban mutanenmu. Na shirya takarda shafi huɗu, amma da na tsaya na ga fuskokin da suka san ni tun ina rarrafe, sai na ninke ta na ba da labarin Kaka. Na ɗan ƙara masa gishiri, na ce a ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga bencin mata muryarta ta taso.

"Ƙarya kake, angona. Sai da aka ƙara kwana tara."

Majami'a ta kece da dariya, har mai ganga ya saki sanda. Na jira suka lafa, na karɓi gyara, na ƙarasa da kyar ina share hawaye.

Bayan an tashi Baba ya dafa kafaɗata ya ce wa'azin ya yi, sai dai har yanzu shi ke da gaskiya. Na ce ban yarda ba. Muka kama hanyar gida muna yi, Kaka na bayanmu tana tambayar ko an ɗora tuwo.