Yatsu Uku a Gindin Tukunya

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwan Alhaji Mojid daga tashar Mongla zuwa cikin dajin da koguna suka ratsa ya ci girkin Barek Hawladar, kuma da wuya ya sauka bai ji labarin hannunsa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemu jajur da lalle. Da itace ya fara girki a jirgin masunta, shi ya sa har yau idonsa na hagu yake hawaye ko ba albasa a kusa. Da tukunyar gas ta shigo, sauran masu girki suka riƙa ja da baya, shi kuwa ya rungume ta kamar 'yar da aka haifa masa.

Runguma fa nake nufi ta gaske. Kafin jirgi ya tashi zai tamke zanensa, ya durƙusa, ya ɗaga tukunyar a ƙirji, ya ɗan jijjiga, ya kasa kunne. Can sai ya dire ta ya yanke hukunci: "Kwana huɗu da shayin safe." Shekara goma sha shida bai taɓa kuskure ba. Kuma abin ba wasa ba ne, don in an nutsa cikin daji babu kasuwa, masu gadin dajin kuma ba sa yarda a karya ko tsinke.

Ranar da zan ba ku labari, malaman makaranta takwas ne masu ritaya suka ɗauki jirgin na kwana uku. Alhaji ya ce a ɗora tukunya ta biyu. Barek ya ɗaga wadda ke ciki, ya jinjina.

"A bar ta, Alhaji. Wannan ta kai mu ta dawo da mu, har da saura. Gara a sa kankana a wurin."

Aka sa kankana.

Rana ta biyu da hantsi yana soya kifi, sai ya ga harshen wutar ya rage tsawo. Ya busa, ya goge kan murhu, ya yi kamar bai gani ba. Amma Nitai mai kula da inji ya gani. Shekara ashirin suna jirgi ɗaya, ba ranar da ba su tsokani juna ba.

"Yaya, wutar taka azumi take yi ne?"

"Koma wajen baƙin manka. Iska ce."

"To, bari mu tambayi iskar."

Nitai ya sauke tawul daga wuyansa, ya tsoma a bokiti, ya shafe jikin tukunyar tun daga wuya har ƙasa, wuta na ci. Suka tsaya suna kallo. Sama ta bushe, tsakiya ta bushe, bushewa ta yi ta gangarowa. Inda gas yake nan ne ƙarfe ke da sanyi, nan lema ke daɗewa. Lemar da ta rage, Nitai ya auna ta da hannu: yatsu uku.

"Wasan mata ne wannan," in ji Barek, amma muryar ba ƙarfi. Ya sake ɗaga tukunyar. Nauyi na nan. Ya karkata ta ya leƙa gindi, sai ga wani kaurin zoben ƙarfe an liƙa da walda, an shafe da jan fenti.

Nitai ya sosa ƙeya. "Af. Ai ni na sa mata, ranar da ka je bikin jikarka. Kullum igiyar ruwa ta taso sai ta gangaro ta buge min ƙafa."

"Kilo nawa?"

"Uku. Ko huɗu."

"Wato ƙarfenka na ɗauka na ce abincin kwana biyu ne."

"Ni ina ce hannun naka ya san bambanci."

Barek ya shiga lissafi. Girki uku ne a gabansa, ga shayi, ga tsofaffi takwas da suka sha jin labarin hannunsa tun daga tasha. In wuta ta mutu a gabansu, sunan shekara goma sha shida ya bi ruwa.

Sai ya shiga dabara. Shinkafar yamma ya dafa da ta gobe a tukunya ɗaya, tafasa ɗaya ya sauke, ya naɗe ta da bargonsa ta ƙarasa nuna da kanta. A kan murfin ya ɗora dankali. Ruwan shayi kuwa Nitai ya ɗaure butar a jikin bututun hayaƙin inji, ba ta zuwa murhu sai ta yi zafi. Da safe ya kawo jiƙaƙƙiyar shinkafa mai sanyi da gishiri, ɗanyen barkono, albasa, da dakakken dankali.

Wani tsohon hedimasta a cikin baƙin ya kai loma, ya lumshe ido. "Malam Barek, rabona da wannan tun innata na da rai. Wa ya gaya maka?"

"Kuku yakan san baƙinsa, ranka ya daɗe."

Daga ɗakin inji aka ji Nitai ya shaƙe da tari.

Miyar rana ta ƙarshe tana cikin tafasa ta biyu wutar ta yi fut ta ɗauke. Barek ya rufe tukunyar, ya bar ta ta huce, ya zuba. Har suka hango Mongla, ba baƙon da ya san komai.

Da baƙi suka sauka, Alhaji ya leƙo kicin. "Yaya sauran gas?"

Barek ya dubi Nitai, Nitai ya dubi kogi.

"Babu saura, Alhaji. Na yi kuskure. In za mu sake fita, a ɗora ta biyun."

Alhaji ya wuce. Barek ya juya yana goge murhu.

"Kai kuma," ya ce da Nitai ba tare da ya waiwayo ba, "in za ka ƙara liƙa wa wani abu ƙarfe a jirgin nan, fara da bakinka."