Kwangilar Naman da Ta Ci Hannun Yayana

A lokacin da abin da zan ba da labarinsa ya faru, ni ma'aikaci ne a ɗakin adana takardu na wani kamfanin sufuri a nan Garwa, ina zaune da iyalina a unguwar Pumpumre. Ɗan mahauta ne ni, jikan mahauta, amma ni kaɗai mahaifinmu ya raba da wuƙa ya kai makarantar boko. Na karanci harkokin mulki har jami'a, na dawo gida da yaƙinin cewa abin da doka ta rubuta shi ne ke tafiyar da jama'a, wanda kuma ya kauce masa ko dai jahili ne ko azzalumi. Ban taɓa karɓar na goro a bakin aikina ba, ina kuma alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata. Yayana, wanda shi ya gaji sana'ar gidanmu, ba ya kirana da sunana. Akawu yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana.

Akwai wata makarantar kwana ta gwamnati a wajen gari da take ba da kwangilar kai mata nama duk shekara. Bisa ƙa'ida ana sanarwa, masu so su kawo farashinsu a rufaffen ambulan, a buɗe a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa ya kuma fi sauƙi. Wata rana Yaya ya kawo mini takardunsa na haraji da na rajistar sana'a in duba masa, ya ce lokacin rakiya ya zo. Da na tambaye shi mece ce rakiya, sai ya yi dariya ya ce ashe akwai abin da jami'a ba ta koyarwa. Ya bayyana mini cewa hukuma ba ta jin daɗin ganin ambulan guda a kan tebur, don haka wani babban dillalin shanu, wanda kwangilar take hannunsa tun da daɗewa, yakan ari takardun ƙananan mahauta, ya rubuta musu farashi mai tsada da sunansu, nasa ya fito shi ne mai sauƙi. Ladan masu rakiya shi ne a ba su aikin yanka da fiɗa, a bar musu kai da ƙafa da kayan ciki. Yaya ya yi shekara da shekaru yana wannan rakiya, bai taɓa ganin abin da ake rubutawa da sunansa ba.

Na fusata ƙwarai. Na gaya masa cewa wannan haɗin baki ne da doka ta haramta, kuma da sunan mahaifinmu ake cutar yaran talakawa, ana ciyar da su ƙashi a farashin tsoka. Na ce masa yana da kowace takarda da ake buƙata, ya san shanu fiye da dillalin, babu abin da zai hana shi shiga da farashin gaskiya ya ci da kansa. Ya daɗe yana ƙi. Na yi ta binsa har gida, na sa matarsa a maganar, na riƙa lissafa masa abin da 'ya'yansa za su samu. Da ya gaji ya yarda, sai ya kafa sharaɗi guda: zai ɗauki goro ya je wurin Sarkin Fawa ya sanar da shi, kamar yadda kowane mahauci yake yi kafin ya taɓa abin da ke hannun ɗan'uwansa, don ko ba a amince ba, a san bai yi a ɓoye ba. A nan na yi kuskuren da nake kuka da shi. Na hana shi. Na ce sirrin ambulan shi ne ginshiƙin gasar, wanda ya faɗi niyyarsa ga abokan takara ya karya doka. Yaya ya dube ni ya ce, to, Akawu ya fi shi sanin takarda, amma shi ya san mutanen da yake wanke hannu da su a kwano ɗaya. Duk da haka ya bi maganata. Ya ba dillalin uzurin cewa takardunsa ba su kammala ba, ni kuwa na shirya masa dosiye, wato kundin neman kwangilar, ba tare da ko ɗigon kuskure ba.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Shugaban kwamitin ya yage ambulan ɗaya bayan ɗaya, yana karanta suna da farashi da Faransanci. Da ya kai kan na Yaya, sai ga farashinsa ya fi na kowa sauƙi, kwangilar ta zama tasa. Dillalin ya juyo da babbar rigarsa, ya yi murmushi, ya yi wa Yaya barka da Fulatanci, sannan ya koma Hausa ya ce bai san an fara haihuwar 'yan kwangila a gidan masu wankin tumbi ba. Ya kuma dube ni ya tambayi mutanensa ko wannan ne ɗan bokon da ake faɗi, ya ce Allah ya sa alƙalamina ya iya ɗaure bijimi. Ni a lokacin daɗi nake ji. Na ɗauka an ci nasara, ban gane cewa ba dillalin kaɗai muka taɓa ba. Mun cire abinci daga bakin duk wanda ke cin kai da ƙafa a bayansa, kuma mun yi hakan ba sallama.

Alamu sun zo a jere, ni ne na ƙi karanta su. Yaya ya je kasuwar shanu ta Ngong, dillalan da suka san shi tun yana yaro suka ce duk abin da ya nuna an riga an sayar. Ya nausa har Bibemi ya samo bijimai, ya ɗaure su kusa da mayanka, aka wayi gari an datse wa biyu jijiyar ƙafa, suna jan gindi cikin jini suna kuka. Ya zo mini idonsa jawur, ya ce yana so ya janye ya je ya ba da haƙuri. Na ce masa janyewa tana da hukunci, kuma idan ya durƙusa yau ba zai sake miƙewa ba. Na rubuta ƙara, na kai inda ya dace, aka buga mata hatimi aka ba ni kwafi. Na nuna masa hatimin kamar wani makami. Na kuma yi masa alkawarin zan raka shi ranar da zai fara kai naman, don su ga ba shi kaɗai ba ne.

Da safe ne, rana ta fito sarai, mayanka cike da jama'a. Mun gama loda naman a bayan wata ƙaramar mota ke nan sai wasu ƙarti suka iso a kan babura, fuskokinsu naɗe da rawani. Ba su yi gardama da kowa ba. Ɗaya ya maka mini gora a baki, na faɗi cikin magudanar jini da toroso, na ji haƙorana a kan harshena. Wani ya taka mini wuya ya ce in buɗe ido in rubuta abin da zan gani, tunda rubutu ne aikina. Suka kama Yaya, ya yi ta kokawa har ya kayar da ɗaya, suka taru suka danne shi, suka ja shi zuwa gungumen da ake sara ƙashi a kai. Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan itacen. Ba su yi amfani da kaifin gatarin ba, da ƙeyarsa suka yi ta duka, kamar masu fasa ƙashin ƙafar bijimi. Na ji ƙarar kowane bugu. Yaya bai yi ihu ba sai a na farko, daga nan salati kawai yake yi har muryarsa ta ɗauke. Suka watsar da naman a ƙasa, suka zuba masa fetur, suka hau baburansu. Mahautan da muka tashi tare da su suna tsaye da wuƙaƙe a hannu, ba wanda ya motsa.

A asibiti likita ya ceci hannun daga yankewa, amma yatsun sun ƙandare, ba sa riƙe ko cokali. Jami'an tsaro na jandarma sun zo sun yi tambayoyi, duk mayankar aka rasa mutum ɗaya da ya ga wani abu. Da na je wurin Sarkin Fawa da bakina a kumbure ina neman ya sa baki, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ba a kawo masa maganar ba tun farko, bai san da wace fuska zai shiga ƙarshenta ba. Ya ce da an zo masa, da ya raba abin ko ya hana, amma da ba a kai ga gatari ba. Ban yarda hakan ya wanke shi ba, har yau ban yarda ba. Yaya yana kwance aka soke kwangilar saboda rashin kai kaya a kan lokaci, aka miƙa ta ga wanda ya zo na biyu, wato dillalin. Komai ya bi ƙa'ida, babu inda zan nuna in ce an karya doka.

Yanzu ana ta murna cewa neman kwangila yana komawa ta na'ura, ba mai tare ka a ƙofar ofis, ba mai leƙa ambulan ɗinka. Ina maraba da hakan, domin har gobe ina nan a kan cewa rakiya zalunci ce. Amma ina gargaɗin 'yan'uwana masu ilimi, musamman waɗanda suka fito daga gidajen sana'a: na'ura takarda kawai take ɗauka, naman kuwa sai mutum ya ɗauko shi da hannunsa ya ratsa ta cikin mutanen da aka ɓata wa. Kafin ka tura wani gaba da gaskiyarka, ka tambayi kanka wa zai tsaya a mayanka da safe, ka saurari abin da ya sani game da mutanensa, ka nemi masu tsaya masa kafin ka nemi hatimi. Ni na yi jarumtaka da jikin da ba nawa ba.

Yaya bai taɓa zargina ba. Ni nake ɗauke da gidansa yanzu, yana kuma yi mini godiya, abin da ya fi zagi ciwo. Ranar Juma'a nakan je mu ci abinci tare. Yakan ɗora hannun daman a cinya, ya yi bisimilla, ya nemi gafarar Allah a hankali, sannan ya sa hagu a cikin kwano. Har yanzu Akawu yake kirana.