Dangwalen Yaya

Yayata mai guga ce. Tun da ƙuruciyarta take tsaye a gaban teburin nan na ƙofar ɗakinta, dutsen guga a hannu, har jijiyoyin ƙafarta suka fito ruɗu-ruɗu. Da wannan tsayuwar ta ɗauki nauyin karatun ɗanta tilo har ya zama lauya. Ita kuwa a boko ko bihim ba ta sani ba.

Wata rana ya shigo da takarda da tawada. "Inna, dangwala min nan." Ta goge hannu a zani, ta dangwala. Na ce, "Yaya, ba kya tambaya?" Ta ce, "Ke kin cika mita. Ɗan da na haifa zan tuhuma?"

Ashe takardar rantsuwa ce, wai a gabanta wani tsoho ya kyautar da gidansa kafin ya rasu, ga mutumin da ɗan nata yake tsaya wa. Tsohon da ko a hanya ba ta taɓa gani ba! Duk garin nan ya rasa wanda zai shafa wa kashin kaji sai uwarsa. Tir!

Magada suka ce ba su yarda ba, aka kira Yaya kotu. Ni na raka ta. A mota ɗan nata ya yi ta biya mata abin da za ta faɗa. "Inna, in kika kuskure, kashina ya bushe."

Aka rantsar da ita. Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, kin san marigayin?" Ta dubi ɗanta, yana sanye da baƙar rigar da ta goge masa da safe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na riga na rantse. Ban san shi ba. Yarona ne ya ce in dangwala."

Aka soke sunansa daga lauyoyi, aka ɗaure shi.

Yanzu duk ranar ziyara tana kan bencin gidan yari, har gandiroba ya fito ya ce, "Mama, ya ce ba zai fito ba." Shi ne ma mai fushi, ka ji ƙarfin hali! In na buɗe baki zan tsine masa, sai ta ce in rufa mata asiri.

Rannan muna dawowa ta tsaya cak a bakin titi. "Ke, da na ce na san tsohon nan, me zai rage ni?" Na kama hannunta muka tsallaka.